Baƙin Kantata

A Kajaani, in Oktoba ta tsufa,
rana kan leƙo kamar wadda ake bi bashi,
ta gaisa a tsaye, ta wuce.
Ran da bakin tafki ya yi fatar ƙanƙara,
ran nan Tauno ke buɗe gareji
ya fara jido.

Daga kicin nake jin sa a matakala,
gwiwa na ƙara, kwali na ƙara.
Gwangwanin kaki rawaya mai ƙamshin kwakwa,
man ƙyalli fari sol kamar madara,
da wata kwalba ta wanke taya
mai warin ƙwan da ya kwana bakwai a rana.

Ɗakin ƙasa nawa ne tun aurenmu.
Nan dankalina yake barci,
nan 'ya'yan dajin da na tsinko a Agusta
na dafa da sukari, na rufe a kwalba,
suke jere, ja kusa da shuɗi.
Sai ya ture su da bayan hannu, a hankali,
kamar mai neman wurin zama a jirgin ƙasa:
"Marjatta, taƙi ɗaya kawai."
Shekara ashirin da shida taƙin nan yake girma.

Ban hana ba, don na ga shekarar da ya manta.
Sanyi ya sauka talatin ƙasa da sifili,
ƙusoshin katako suna harbi cikin dare.
Da dusar ƙanƙara ta narke ya buɗe kwalinsa:
madarar ta tsinke, ruwa sama, gudaji ƙasa.
Ya girgiza, ya girgiza, ta ƙi komawa.
Kwalba guda ta tsage daga wuya har gindi,
kaki ya dare kamar faso a dunduniya.
Ya kifa bokiti ya zauna a kai,
kofinsa na gahawa ya huce a hannu.

Tun ran nan yake da dokoki.
Kada a ajiye a ƙasa, siminti ɓarawon ɗumi ne.
Gwangwanin feshi ya nisanci murhu.
A murɗa murfi har ya yi kuka.
A rubuta kwanan wata da fensir a gindi.

Sai shekarar Inkeri, jikarmu, tana da biyar,
na same ta da cokali a hannu,
ta ɓalle murfin kaki tana shinshina:
"Kaka, zumar nan ta wace ƙudan ce?"
A daren kayansa suka hau kantar sama,
kwalabena suka sauko.
Haka na rasa bene, ba shari'a, ba shaida.

Bana ba ƙara a matakala.
Tauno na asibitin Oulu, an sa masa sabuwar gwiwa,
yana faɗa da ma'aikata kan gishirin miya.
Rediyo ta ce daren yau za a daskare.
Na wanke kofina, na zauna, na tashi,
na zura takalmansa da suka fi ni,
na ɗauki tocila.

Jar motar na kwance ƙarƙashin tamfol,
numfashina na tafe gabana fari.
Gwangwanayen sun yi sanyi har suna cizon yatsa.
Sawu huɗu na yi, ina hutawa a mataki na shida,
inda na sha jin shi ma yana tsayawa
ina zaton takalmi yake gyarawa.

Na jera su sama, nesa da murhu.
Na murɗa kowane murfi har ya yi kuka.
Na juya gwangwanin kaki:
rubutunsa ne, shekara bisa shekara, yana ƙara karkacewa.
Na lashi bakin fensir,
na sa tawa a ƙasa.