Yanyawar Rumasa'u

Mai gidan hayarmu a Leicester ya rubuta ɓaro-ɓaro:
ban da kare, ban da kyanwa, ban da duk mai numfashi
in ba mu huɗun da ke cikin takarda ba.
Rumasa'u ta yi kukanta a bayan ƙofa, ta share.
Ran Asabar na sayo mata wasan bidiyo,
na gwanjo, fam goma sha biyu, kwalinsa duk ya koɗe.

A cikinsa ta tsinci yanyawa a tarko,
kunnen hagu a yage, tana ɗingishi.
Ta danna, ta danna, ƙarfe ya saki.
Tun ranar, duk inda ta sa ƙafa a dajin gilashin nan
'yar jar dabba na biye da ita.
Ta raɗa mata suna Gutsure.

Na ce, zane ne fa, lantarki ne da launi.
Ta ce, Abba, ba ka ga tana jirana ba?
Na duba. Ashe in yarinya ta tashi cin tuwo
sai abar ta zauna, ta naɗe jela kan ƙafafu,
ta zuba wa falonmu ido
har a wanke hannu.

Ita ke sansano ruwa a ƙarƙashin ƙanƙara,
ita ke ta da gashin wuya in mugu na bayan dutse.
Ran nan ta sace kifin da aka gasa,
Rumasa'u ta yi gaba da ita kwana biyu cur.
Gaba da hoto! Uwarta ta yi dariya har da hawaye.

Sai wata a ajinsu, mai baki kamar reza,
ta kwance mata ƙarshen labari:
in kin haye gadar itace, Gutsure ba ta hayewa,
takan tsaya a gaɓar nan, ta juya daji.
Yau wata uku ke nan.
Kullum bayan la'asar su je bakin ruwa,
su kama kifi, su dawo.
An yi wasa don a gama shi,
'yata ta mai da shi gida.

Ni kuwa bas nake ja, layin dare.
Ƙarfe biyu, ana yayyafi, kusa da shagon mai soya kaji,
wata ta gaske ta gitta gaban fitiluna,
ramammiya, da ƙashi a baki.
Ta dube ni kamar tana bina bashi.
Na taka birki har wani fasinja ya yi tsaki.

Nan na tuna Bar-su-da-halinsu,
karen kawu Lawwali a Roni,
wanda ba ya wuce zaure, ba mai shafa shi.
Ranar da zan bar gari ya bi motarmu
da gudu, harshe waje,
har inda kwalta ta soma, ya tsaya.
Ban waiwaya ba. Kunyar samarin cikin mota nake ji.
Shekara ashirin da huɗu bai faɗo mini a rai ba.

Da asuba na shigo, gida na barci.
Na yi salla, na ɗauki linzamin
da yatsuna ba su san kansa ba.
Gilashi ya waye. Ga ta a bakin gada,
ta miƙe, ta yi hamma, ta karkata kunnen nan yagagge.
Ban san madannin tafiya ba, ban kuma neme shi ba.
Na shafa kai nake lalube.

Rumasa'u ta sauko da kayan barci, ido rabi a rufe.
Ta ce, Abba, kar ka haye.
Na ce, ina ni ina hayewa?
Ta kama babban yatsana, ta ɗora kan na ƙasa.
Wannan, in ji ta.
Riƙe shi. Kar ka yi saurin saki.