Mai Gadin Ƙwarya

Ƙarfe bakwai nake kunna na'ura
a rumfar awo, bakin hanyar Jega.
Da can, kafin in hura shayi ta farka.
Yanzu sai in shanye, in ɗauraye kofi,
tana nan tana lissafi a duhu.

Ni na ja mata.
Can cikin ƙwaryarta, inda umarni ke fitowa,
na zaunar da mai gadi marar fara'a.
Duk fayil ɗin da ya zo neman aiki
sai ya kwance shi daga baki har gindi,
ya karance, ya dunƙule shi lamba guda,
ya rubuta a kundin da ba a gogewa,
sannan ya ce masa, wuce.

Fayil dubu huɗu kafin allo ya yi haske.
Kowanne ƙiftawar ido ce kawai.
Amma tara ƙiftawa dubu huɗu ka gani,
ai barci ne.

A waje shanshera ta iso tun asuba,
ta Kimba a kan babur, ta Alelu a akori-kura.
Kowane buhu ya hau sikeli
sai allo ya yi jim, kamar mai tuna bashi.
Alhaji Nomau ya leƙo, carbi na rawa a hannu:
"Kai Jabbi, mi as same ta?
Doki na sawo da kuɗɗina,
ka maishe mini shi jaki."

Ban ce komai ba. Shi ma ya san bara.
Wani hannu, har yau ba mu san mai shi ba,
ya taɓa layi ɗaya a manhajar sikeli.
Kilo biyu daga kowane buhu,
wata uku cur, shiru,
na'ura na gudu kamar ruwan Gindi a Agusta.
Sai da Gwamma ta Kimba ta dafa buhunta
ta ce, "Ni na shuka, ni na sheƙe, ni na ɗinke.
Buhuna bai taɓa ramewa a hanya ba."

Gudun nan ne Alhaji ke kewa.

Innata ta yi shekara talatin tana awon tiya.
Sai ta share baki da gefen hannu,
ta tsince tsakuwa a gaban mai saye.
Maƙwabciyarta kan sallami uku
kafin ita ta sallami ɗaya.
Ban taɓa jin an dawo mata da awo ba.
Ban kuma taɓa ganin ta sayi akuya ba.

An ce sauri ya haifi nawa.
Ba a faɗa mana abin da nawa ke haifa ba:
layi, tsaki, man janareta,
da manomin da ya juya babur ya nufi wata rumfa.

Daren Talata na zauna da mai gadin, muka yi ciniki.
Na ce, wanda ka auna jiya, in bai sauya riga ba,
bar shi ya shige.
Takardun wucin gadi da tarkacen rahoto, ɗauke musu ido.
Amma duk mai ba da umarni,
duk mai taɓa lambar sikeli,
ko gari zai waye a kansa, kwance shi.

Minti uku ya dawo daƙiƙa hamsin.
Alhaji ya ce to, da dama-dama.

Ni kuwa na kwanta, fanka ta tsaya, sauro ya samu fili,
ina ƙidaya waɗanda na yafe wa awo,
ɗaya bayan ɗaya,
ina tambayar rufin kwano
ta wace ƙofa zan bi
in da ni ne ɓarawon.