Aron Bango

Cindo, yatsa shida a hannun dama.
Ya ce na shidan na fenti ne,
Allah bai ƙara masa a banza ba.
Ya dawo Kantoga daga Kano da gwangwani huɗu,
ragowar abin da ake shafa wa a-kori-kura:
ja, shuɗi, ruwan ɗorawa,
da wani kore mai warin kananzir.

Ya sami Ilu mai injin niƙa,
ya ce, ara mini bangonka.
Ilu ya kaɗe gari daga gira:
ɗauka, in ka gama ka maido.

Kwana uku inji na dukan kunnensa,
garin dawa na sauka kan ɗanyen fenti,
shi ya sa saniyar bangon nan
ta zo duniya da furfura.

Ƙahonta ya kai indararo.
A na hagu ya rataya mata rediyo,
ƙafafun baya kuwa
tayoyin babur ne, har da waya-waya.
Yara suka kwanta a ƙasa don dariya.
Masu kawo niƙa suka ajiye kwanuka,
aka rasa wa ke gaba a layi.

Bayan la'asar Malam Datti ya iso,
hannu a baya, carbi na lilo.
Ya ce, ranar gobe
za a ce ka hura mata rai, yaro.
Cindo ya sosa ƙeya da yatsa na shida:
Allah gafarta Malam, mai tafiya kan taya
ai fetur take sha.
Malam ya kau da kai don kar a ga haƙoransa.
Ido dai, ya ce, kada ka sa mata ido.

Ba a sa ba.
Mako biyu tana sauraron rediyonta a makance,
sai aka wayi gari
da marfin kwalbar lemo an kafa da ƙusa
daidai inda ido zai zauna.
An tambaya, kowa ya rantse.
Ni dai na ga Hansai mai ƙosai da asuba,
taɓarya a hannu, tana waige-waige,
kuma ƙosan Hansai ba ya ƙwarar ɗan bashi,
don haka na yi shiru.

Daga nan abin ya kama gari kamar mura.
Talle ya sa wa akurkinsa ƙofar firiji,
kajinsa na fita kamar baƙi daga otal.
Gwaggo Lanti ta jera fayafayan CD
a wuyan mutum-mutumin gonar shinkafa,
tsuntsaye suka zo kallon fuskarsu.

Wani ya sauko daga jif, kyamara a ƙirji,
ya durƙusa, ya miƙe, ya ɗauka ta ko'ina,
ya ce nawa za a sayar?
Ilu ya ɗaga murya sama da ta inji:
aro na bayar, ba a maido ba tukuna.

Ina yaro kakana ya kai ni dutsen Birnin Kudu,
inda shanu jajaye ke tsaye jikin dutse
ba makiyayi, ba sunan mai zane.
Na ba Cindo labari yana wanke buroshi.
Ya ce, shi ma aro ya yi.

Damina biyu ke nan.
Rediyon ya fara ɓarewa, sai wutsiya,
tayar hagu ta yi faci da laka.
Cindo yana Dutse, yana rubuta sunayen makarantu,
harafi ɗaya naira kaza.

Jiya na kai niƙan gero.
Marfin ya yi tsatsa, ya koma ruwan goro,
yana nan dai,
yana kallon kwanona har aka zo kaina.