Biro a Aljihun Kaki

Ƙarfe huɗu na asuba begila ke tashina a Janguza,
ƙarfe huɗu na yamma Dakta Asabe ke rufe ƙofar aji.
Tsakanin huɗu da huɗu
ni ne Kofur Haladu, mai igiya biyu.
Bayan nan lamba ce ni a takardar rajista,
a bencin baya, gwiwata ta ƙi shiga ƙarƙashin tebur.

Yaran ajinmu Baba Soja suke ce mini.
In na shigo hira ta mutu, kamar an yi ruwa an ɗauke,
sai ranar da na ci uku cikin ashirin a gwajin lissafi.
Nazifi ya matso: "Baba, kawo in nuna maka."
Yaron da ko gemu bai tsiro ba
ya yi mini faretin alƙaluma har magariba.

Wani dare a shingen Rijiyar Zaki
na haska tocila cikin wata tsohuwar mota,
sai ga Dakta, da tarin takardunmu a kujerar baya.
Na ce, "A sauka lafiya, ranki ya daɗe."
Ta ce, "Haladu, babi na uku, ranar Litinin."
Ga bindiga a kafaɗata,
amma ni ne na ƙame.

A shekara ta uku umarni ya zo.
Wata tara a daji, inda waya ba ta kamawa.
Littafi ɗaya na cusa a jaka, gefen garin kwaki.
Saje Iliya ke riƙe shi, yana yi mini tambaya:
"Mece ce zaizayar ƙasa?"
Kafin in amsa ya kece da dariya,
"Ga ta nan, muna kwance a cikinta."
Littafin ya dawo Kano.
Iliya bai dawo ba.
A shafi na tamanin har yau akwai shatin yatsansa na manja.

Na tarar 'yan ajinmu sun yi gaba.
Nazifi ya turo hoto daga bautar ƙasa, cikin kaki:
"Baba, yau ni ma na sha rana."
Na sake zama da sababbin yara, na sake biyan kuɗi.
Lantana ta sayar da keken ɗinkinta, ba ta faɗa mini ba,
sai da na ji gidan ya yi shiru.

Ranar yaye mu na ɗora babbar riga a kan takalmin aiki.
Da aka ce 'yan sashenmu su miƙe,
kowa ya miƙe kamar mutum,
ni kuwa ƙafata ta doki ƙasa da kanta.
Aka yi dariya. Lantana ta rangaɗa guɗa daga can baya.

A daren ni ke gadin ƙofa.
Takardar na cikin akwati, ƙarƙashin gado.
Wajen ƙarfe biyu hannuna ya shiga aljihu
yana laluben abin karantawa,
biro kaɗai ya samu.
Ban taɓa sanin daren Kano na da tsawo haka ba.