Awon Barmu

Ni na ƙera ta, rumfar tikin nan
ta bakin Kasuwar Dole.
Da tsayina na auna tagar,
ni kuwa dogo ne, gadon gidanmu.
Na ce ta yi. Aka biya ni. Na tafi.

Shekara biyu ban waiwaye ta ba,
sai wata Alhamis da na zo ajiye moto
na tarar da Barmu mai gyaran rediyo
bisa kekensa na tuƙin hannu,
dala ashirin a tafinsa, hannu a sama,
taga kuwa tana kallon bayan kansa.

Yaro ya ce, kawo in miƙa maka.
Ya ce, a'a.
Biya na zo yi, ba aike ba.

Maganar ta bi ni har Zango,
ta zauna mini a bakin tuwo.

Da safe na ari keken nasa.
Na zauna, na tuƙa, na ci karo da dakalin
da ni kaina na zuba wa siminti.
Daga ƙasa rumfata katanga ce.
Allon farashi da Faransanci,
ƙananan baƙaƙe kamar layin tururuwa,
rana ta cinye rabinsu.
Ramin jefa kuɗi ƙunci gare shi,
sai mai yatsu biyar lafiyayyu;
tsohuwa Harira ta Kara-Kara
da biyu take riƙe duniya.

Na kunna wutar walda.
Na yanke kamu uku daga girman kaina,
na sauko da taga daidai ƙirjin mai zama.
Dakali na fasa shi, na kwantar da gangara.
Rami ya zama tasa mai faɗin baki,
ko da gefen hannu ka turo, ta karɓa.
Ɗiyata Mariyama ta zana moto, ta zana mota,
kowace da hoton kuɗinta a gefe.
Motar ta fi kama da kunkuru,
amma ba wanda ya taɓa tambaya.
Barmu ya ciro lasifika daga wata matacciyar rediyo,
yanzu rumfa na faɗin kuɗi da Hausa,
in ka danna sau biyu, da Barbarci.
Na ƙara rufin kwano kamu huɗu,
don mai lalube a aljihu ya yi shi a inuwa.

Ba ta gama gyaruwa ba.
In wuta ta ɗauke, bakinta ya mutu.
Dogaye na gunaguni, wai sai sun duƙa.
Ni ma ina duƙawa, bayana na faɗa mini.

Jiya Barmu ya zo, ya turo kuɗinsa,
ya karɓi tikinsa, ya soke a hula,
ya wuce cikin kasuwa.
Ko kallona bai yi ba.
Na daɗe ban ji daɗin rashin gaisuwa haka ba.