Takalmin Hagu

Shekara goma sha ɗaya ina Kasuwar Dole,
rumfa ta uku in ka baro masu kanwa,
ina ɗinka irin takalmin da mahaifina ya ɗinka:
jar fata, koren zare, gashin jimina a hanci.
Baƙin da ke saye sun ɗauke ƙafa tun tuni,
ni kuwa ban ɗauke basilla ba.
Na shanya su jere kamar kilishi.
Alhamis ta zo, Alhamis ta wuce,
ƙuda kaɗai ke tayawa.

Na zagi roba, na zagi zamani,
na ce Damagaram ta manta abu mai kyau.

Cima mai fura, da ke raba inuwa da ni,
ta bari sai da na gama, tana dama ƙwarya.
Ta ce, "Lawali, kai hannunka kake kallo,
ni bakin mutum nake kallo.
Wancan mai tsami yake so, bai taɓa faɗa ba,
a ajiyar ludayinsa na gane.
Wannan sai ƙarshen wata yake ƙara nono,
ba na yi masa tayi ran sha biyar.
Baduku bai san ƙafar garinsu ba,
wa yake wa ɗinki? Kabarin ubansa?"

Maganar ta yi mini zafi har la'asar.
Kashegari na sunkuyar da kai,
ba don kunya ba. Ƙasa nake karantawa.

Na ga ƙafar ɗan garuwa daga Garin Malam,
jiƙe, tana zamewa a kan dutse,
kura mai jarka goma na janye shi baya.
Na ga dunduniyar matan Mirya, ta tsage kamar tabkin rani.
Na ga 'yan kabu-kabu a bakin tasha,
na ƙirga ashirin da bakwai:
na dama lafiya lau,
na hagu duk ya ci a sama,
daidai inda ƙarfen giya ke cizo.
Mutum ya yar da biyu saboda ɗaya ya mutu!

Daren nan ban yi barci ba.
Na yanka tsohuwar taya, na ninka fatar raƙumi
a bisa babban yatsa, na ɗinke sau uku.
Babu ado. Ko kusa bai yi kyau ba.
Da mahaifina na nan da ya juya baya.

Ban kira mai shela ba, ban da kuɗin rediyo.
Na nemi Kyari, wanda bakinsa ba ya hutu,
mai ba fasinja labari ko bai tambaya ba,
na ce, "Sa wannan, kyauta.
In ya tsinke kafin salla, zo ka zage ni a gaban jama'a."
Wata huɗu bai zo zagi ba.
Ya zo da mutum shida a bayansa.

Na sayar da hagu shi kaɗai, wari guda,
abin da kasuwa ta yi wa dariya mako biyu.
Wanda bai da jaka a dunƙule
ya kawo dala ashirin kullum magariba,
don aljihun ɗan babur da yamma yake nauyi.
'Yan garuwa na yi musu mai tsaga a tafi,
na farko ya zame, na karɓa na sake,
na biya wa mai shi kuɗin jarkar da ta fashe.

Jan takalmin nan guda yana nan rataye.
Bara wani ango ya taya, na hana.

Yanzu ana cewa Lawali ba ya kallon ido in ana gaisawa.
Ku yi haƙuri, jama'a.
Bakinku yakan ce, "Muna dai dubawa."
Ƙafarku ta riga ta gaya mini.