Sikeli Ba Ya Karatu

Ranar Litinin na ɗauko su daga Kakuri,
ɗari uku, tawada ba ta gama shan iska ba.
Na rungume su a keke kamar mai kai jariri awo.
Muka haye gada, kogi ya cika ya yi ja,
ni ina lissafi a tafin hannu.

Sunanta Ɗan Tsako. Shafi takwas ce.
Ba tallan banki a ciki,
ba hoton mai girma yana yanka ƙyalle.
Akwai kacici-kacici, akwai yadda gara ke gina suri,
akwai akuyar da Tanimu ya zano daga Ikara
mai ƙafa biyar, ya ce ta biyar ɗin ta gudu ce.

A gidan waya Malam Bitrus ya gyara tabarau,
ya ɗora guda a sikeli.
Allura ta ɗan motsa kamar mai jin kunya.
Ya faɗi kuɗin kan sarki.
Na ce maimaita.
Ya maimaita, bai ɗago kai ba.

Ashe kuɗin dako ya fi kuɗin kaya.
Sikeli ba ya karatu:
da takardar ɗan kwangila da wasiƙar ɗan aji uku,
duk nauyi yake gani.

Na koma benci na zaro jan biro.
Shekara talatin na yi ina riƙe shi a aji,
bai taɓa yi mini nauyi irin na yau ba.
Birnin Gwari, na soke.
Zonkwa, ashirin ta koma biyar.
Da na iso Saminaka hannu ya ƙi,
don can Kuluwa take,
wadda ta rubuto da fensir
cewa su saba'in ne a kan kwafi ɗaya, bi da bi,
har takarda ta yi laushi kamar tsumma,
kuma don Allah a daina sa amsa a kife,
ɗan ajinsu Ɗanlami ya iya karatu a kife.

"Malama Dije," in ji Bitrus, "rage gefe."
Ya miƙo almakashi ta ƙarƙashin waga.
Na zauna ina aske fararen gefuna,
suna zuba a ƙafata kamar taliya,
har wutsiyar akuya ta bi su.
Allura ta ja baya kaɗan, ta tsaya inda ba ta da amfani.
Ya ce, murya ƙasa-ƙasa,
"Ni ma a irin wannan na fara haɗa baƙi,
a Kagoro, gindin aci-balbal."

To, ku da ke bene kuna yanka farashi,
ba kyauta na zo nema ba.
Ku ware mana layi, ku rage ko da rabi.
Yaron da ya saba leƙen hanya don jiran saƙo
shi ne zai sayi kan sarki in ya yi gemu.
An ce mu tura ta waya.
Wayar tana aljihun uba, uba yana gona,
ita kuwa takarda ba ta neman caji,
tana kwana ƙarƙashin matashi,
ƙane ya gaje ta, a ƙarshe a yi jirgi da ita.

Ɗari da goma sha biyu suka tafi.
Sauran na mayar gida Tudun Wada,
suna kan kabad, suna kallona.

Da dare na rubuta koke, shafi huɗu,
na kai da safe.
Shi ma sai da aka auna shi.
Bitrus ya dubi allura, ya yi dariyar da ba ta kai ido ba,
ya ce, "Wannan ya fi Ɗan Tsako nauyi."
Ya lasa, ya manna, ya buga hatimi.
Na biya da kuɗin Birnin Gwari.